Tayoyin Gaba

"Mayar da wannan," in ji Baba, ya tura tayar da ƙafa ta gangara ta bugi bango. "Haƙoranta sun matse da juna. Laka na cika su, shi ke nan ta zama sumul kamar gindin faranti."

Mai Taya ya jawo wata daga cikin tulin yana nishi. Tun suna da baƙin gashi suke wannan dambarwa duk farkon damina: Baba ya zo da tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya, ya hargitsa shago, ya kushe komai, sannan ya tafi da huɗu. Ba ya sayen sababbi. Nasa su ne tsoffin tayoyin da aka kankare bayansu aka ɗaura musu sabuwar roba mai dara-daran haƙora don shiga taɓo. Suna da sauƙin kuɗi, amma sai wanda ya san kan abin, domin robar waje ce kaɗai sabuwa, jikin da ke ƙarƙashi kuwa kowace da irin wahalar da ta sha.

Auta na tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu. Sunan ne kawai na auta. Magidanci ne da gemunsa da 'ya'yansa. Tun da likita ya ce yanar ido ta fara rufe ganin Baba, gidan ba wanda bai roƙe shi ya miƙa wa Auta makulli ba. Baba ya ce a bar shi da daminar bana. Hanyar ƙauyukan bayan kogi, inda kwalta ke ƙarewa, shi ya san ta, kuma shi zai ci gaba da kai musu kayan shago da fasinja. Da safen nan Mama ta turo Auta ya raka shi ko zai sake gwada maganar, amma har suka iso bai samu bakin yi ba.

"Wannan fa?" Mai Taya ya tambaya. "Robarta tauri gare ta. Sai ka gaji da ita."

Baba ya danna farce a jikinta. "Tauri kamar kanka. A busasshiyar hanya ba laifi. Amma ta hau jiƙaƙƙen dutse, sai dai mu haɗu a ƙasan kwari."

"To ga mai taushi."

"Wannan kwalta za ta cinye ta kafin in ga taɓon."

"Kai dai ba a iya maka! Auta, haka yake yi muku a gida?"

"Ya fi haka, Kawu," in ji Auta.

Baba bai kula su ba. Ya zura hannu cikin tayar yana laluben faci, ya bi gefen da sabuwar roba ta haɗu da tsohuwa, ya ƙwanƙwasa da sifana yana sauraro. Warin roba da baƙin mai ya cika shagon, kuma duk duniya ba warin da yake so kamarsa.

"Ka tuna masu zanen ƙafar kaza?" ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Waɗanda kake kawowa da can?"

"Kayya, ai an daina yin su."

"Shekarar da ruwa ya cinye gada da su na yi ta ƙetarawa. Mutanen ƙauye da sun ga sawun a laka sun san na wuce, sai su fito bakin hanya da kayansu su jira dawowata. Akwai ranar da ta hagu ta yar da bayanta gaba ɗaya a kan tudu, ta bar shi kwance kamar saɓar maciji. Na dawo na yi maka tas."

"Ka yi mini tas, ka sha shayina, ka ɗauki wata."

Suka yi dariya har Mai Taya ya kama tari. Baba ya ji kewar wancan lokaci ta taso masa, lokacin da yake hango rami tun daga nesa, fasinja na bayansa suna ihu suna dariya, taɓo na tashi sama da rufin mota.

Can ƙasan tulin ya hango wata mai faffaɗan haƙora. Ya mirgino ta bakin ƙofa inda haske yake, ya juya ta, ya ƙare mata kallo ciki da waje.

"Yauwa. Ga taya. Wannan ita za ta zauna a gaba, ɓangaren direba. Ko tabo babu."

Ya sunkuya zai ɗaga ta, sai yatsunsa suka faɗa cikin wata tsaga a gefenta, doguwa, har wayar ciki tana sukar sa. Daidai wurin da ya gama zuba wa ido ke nan. Ya ɗago. Mai Taya ya dukufa yana goge sifanar da ba ta da datti. Auta na kallon titi. Ashe duk sun gani tun tana mirginowa.

Baba ya daɗe a tsugune, hannunsa a cikin tsagar. Kunya ya fara ji, daga baya tsoro ya biyo, don ya san gangaren da irin wannan tayar take fashewa, ya kuma san mata da yaran da suke cika bayan motar.

Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara.

"Masu taushin nan, sa biyu a baya. Gaba kuma ka sauko mini da sababbi, na cikin leda."

Mai Taya ya saki baki. "Sababbi? Kai? Yau kuma wa ya rasu?"

"Ni na san halin waɗannan, ina jin su a tafin hannuna kafin su yi mini rashin mutunci." Ya nuna Auta da haɓa. "Shi bai saba da su ba tukuna."

"Baba…" Auta ya fara.

"Kawo jak, kana tsaye kamar fasinja."

Da aka gama ɗaurawa, Baba ya bi kowane noti da kansa ya ƙara masa ƙarfi. Sannan ya zagaya ta ɓangaren fasinja, ya yi ta kokawa da ƙofar da bai san yadda ake buɗe ta ba, sai da Auta ya miƙo hannu ya tura ta daga ciki.

Suka hau titi, sababbin haƙora na gurnani a kan kwalta. Auta ne a kan sitiyari. Da suka doshi mahaɗar hanya, wata babbar mota ta rage gudu a gabansu. Auta ya taka birki a hankali, ya saci kallon gefensa. Ƙafar Baba ta dama ta riga shi, tana danne da ƙasan motar da dukkan ƙarfinta, a wurin da babu komai.