Mangwaron Inna

Kwana huɗu ke nan Inna ba ta sa komai a baki ba, tun da aka yi mata aiki a wani asibiti a ƙasar waje. Likita ya ce in gobe ta yi ba ta ci ba, za a zura mata roba ta hanci. Ita kuwa ta ce mangwaro kawai take so. Ɗanta Auta, da ke karatu a can, ya sayo sau biyu. Na farko ta latsa ta ce dutse ne. Na biyu ta sunsuna ta ce ya mutu tun a jirgi.

Matsalar ita ce a kasuwar titin nan ba a taɓa kaya. Sai dai ka nuna, a zaɓa maka, ka yi godiya. Rumfa ɗaya ce ke da mangwaro, ta wata ƙatuwar mata mai korar ƙuda da naɗaɗɗiyar jarida. Shekara uku Auta yana yi mata ladabi.

Ya faki idonta ya miƙa hannu. Jaridar ta sauka a kan yatsunsa.

Da ya rasa dabara, sai ya kira Inna ta bidiyo, ya juya wayar.

"Kai Auta, wace ce wannan? Ɗan dambe aka ɗaura wa zane?"

"Mai mangwaron ce, Inna."

Ya ce wa matar da harshensu, "Mahaifiyata ce, tana gaishe ki. Ba ta cin abinci."

Matar ta dubi ramammiyar fuskar da ke cikin wayar, da ledar ƙarin ruwa a rataye. Ta ajiye jarida.

"Ce mata ta ɗago na gefen can," in ji Inna. "A'a, ba wannan mai kama da ƙeyar babanka ba. Na bayansa. Ta latsa wajen hancin. Ya lotsa? To ta sunsuna."

Matar ta sunsuna, ta yamutsa fuska, ta wurga shi kwando. Haka suka bi guda tara, layi yana tsawo a bayan Auta, wani tsoho yana ta tsaki. Can matar ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta jawo wani kwali da bai taɓa sanin da shi ba. Tun kafin ta buɗe ƙamshi ya bugi hancinsa.

"Yauwa, ka ga mai hankali. Ce mata ta yi gyara."

"Inna, nan ba a gyara."

"To Allah ya shirye su."

Da ya kai mata asibiti, mangwaro ɗaya da rabi Inna ta sha, ruwan yana bin hannunta har ya jiƙa filastar allura. Nas ta yi faɗa, sannan ta rubuta cewa ta ci. Inna ta tsotse ƙwallon tas, ta miƙa masa ya yar.

"Gobe da ka isa, ka ba matar nan wayar. Kai ka koma gefe."