Jan Ƙyallen Raki

Musbahu ya juya jan ƙyallen a hannunsa sau biyu, bai gane rubutun da ke jikinsa ba. Wasu 'yan zane-zane ne kamar sawun kaza, da farin fenti. Ya dubi shugabar makarantar, Misis Margaret, wadda ta taso shi daga ofis da rana tsaka, sannan ya dubi 'yarsa Raki da ke zaune a gefe ta haɗe gwiwoyi.

"Japananci ne, Baba," in ji Raki. "Kwamitin ladabtarwa ke nan."

"Kwamitin me?"

Misis Margaret ce ta yi bayani. Tun da council, wato ƙaramar hukuma, ta rage kuɗin makarantu aka sallami matan nan biyu masu lura da yara lokacin cin abinci. Sai Raki, 'yar shekara goma sha uku, ta tara ƙawayenta biyu, suka ɗaura jan ƙyalle a damtse, suka kama tsaron layi. Wanda ya tsallake layi sai ya koma baya, ya gai da duk wanda ya wuce. Jiya Raki ta buɗe littafin da take rubuta masu laifi, ta karanta sunan wani ƙato a gaban kowa saboda yana ƙwace wa ƙanana dankali, uwarsa kuma ta kawo ƙara.

"Gaskiya tun da suka fara ba a yi faɗa a layin ba," in ji shugabar, tana murza goshi. "Amma ba zan bar yara su riƙe aikin da aka kori manya daga kansa ba. Ko ta miƙa ƙyallen da littafin, ko ta zauna gida kwana uku."

Musbahu injiniya ne, ba ya iya ganin abu bai buɗe cikinsa ba. Ya jawo littafin. Suna na farko a shafi na farko shi ne Raki Musbahu, laifinta makara da minti huɗu, hukuncinta goge tebura shida.

"Wa ya rubuta ki?"

"Ni. Haka dokar take."

Ta miƙa kayan da hannu biyu, har da ɗan rusunawa irin wadda bai taɓa koya mata ba. Ba ta yi kuka ba sai da suka fita ƙofa.

A bas mai hawa biyu na Stockport Road suka hau sama, suka zauna gaba. Ya yi niyyar faɗa, amma tambaya ta fi cin ransa.

"Wai a ina kika samo wannan abu?"

Ta share ido ta fito da waya. Zanen Japan ne, irin wanda suke kira anime. Wata yarinya guntuwa mai jan ƙyalle tana bin wani ɗalibi da gudu saboda ya shigo aji da agwagwa a jaka. Tana dab da kama shi sai ta ja birki, ta tuna an hana gudu a baranda. Ta ciro littafi ta rubuta sunanta, ta yanke wa kanta hukuncin shara, agwagwar kuma ta tsaya tana kallonta. Dariya ta ƙwace wa Musbahu, har wata tsohuwa ta waiwayo.

"To su ba sa duka?"

"Duka kuma? No, Baba. Comedy ne fa."

"Malamai fa, ina suke?"

"Tsoronta suke ji."

Ya sa ta mayar da wurin agwagwar baya ya sake kallo. Raki ta saki jiki, ta jingina da kafaɗarsa.

"Ai kai na gado," ta ce. "Ranar sunan da muka je Birmingham, Baffa Sunusi ya ce kai ne prefect na ladabtarwa a makarantarku. Wai in ka taho har tsuntsaye shiru suke yi. Kai ma kana da notebook?"

Musbahu ya kalli titi. Sunusi yanzu likita ne a Sparkhill, yana da 'ya'ya uku, amma har gobe Siniya yake ce masa, kamar yadda ƙananan ɗalibai ke kiran manya a makarantar kwana. Ba littafi Musbahu ke riƙewa a lokacin ba, bel ne. Ya tuna wata safiya a bakin famfo, Sunusi yana ɗan aji ɗaya, ya shiga gabansa da bokiti bai sani ba. Mari ɗaya ya yi masa a kunnen hagu. Yaron ya yi sati yana toshe kunnen da auduga, daga nan maganar ta wuce. Shekara ashirin da shida ke nan, sun ci abinci a faranti ɗaya ba adadi, bai taɓa tambaya ba.

"Ba ni da littafi," ya ce.

"To ya kake tuna sunayen?"

"Ina tunawa."

Suka sauka a Longsight. Ya ba ta makulli ya ce ta yi gaba, ta gaya wa mamanta yana tafe. Ya tsaya a gefen shagon mai nama, motoci na wucewa, ya lalubo lambar. Bugu biyu aka ɗauka.

"Siniya da kansa! Allah ya sa lafiya?"

"Lafiya lau, Sunusi. Wata tambaya ce ta taso mini, ta tun muna makaranta. Ka tuna ranar nan a bakin famfo?"

"Me ka ce? Yi haƙuri, Siniya," in ji Sunusi cikin fara'a. "Bari in mayar da wayar ɗaya kunnen, wannan ba ya ɗauka sosai."

Musbahu ya jira.