Taurari Uku a Ɗigo Ɗaya

Laifin Malami ne, ba na kowa ba. Munawwara ta ce masa, "Baba, wataƙila ne fa." Shi kuwa ya bar wataƙilar a zaure ya fice. Kafin la'asar duk Kaoje, har masu babur da ke kai kaya bakin iyakar Benin, sun ji cewa ɗiyar Malami mai shinkafa ta gano sabuwar duniya a sama.

Digiri na biyu take yi a ilimin taurari, ta zo gida hutu da kwamfutarta. Aikinta kuwa shi ne: idan wani abu mai nauyi ya gitta tsakaninmu da tauraro mai nisa, nauyinsa kan lanƙwasa hasken, sai tauraron ya ƙara haske na ɗan lokaci. In abin ƙarami ne, nan da nan ake gamawa. Nata kwana biyu kacal ya yi, shi ya sa ta zaci duniya ce.

Ranar Talata da hantsi ta hau tudun bayan makaranta, inda waya ke kamawa, ta sauko da wani hoton tauraron daga intanet, wanda ya fi nata fitowa tar. Kai! Ɗigon da take lissafawa a matsayin tauraro ɗaya, ashe uku ne manne da juna. Hasken maƙwabtan nan biyu ne ya rufe farkon abin da ƙarshensa. Da ta cire nasu, kwana biyu suka koma goma sha tara. Ba wata duniya, wani dusasshen tauraro ne ya wuce abinsa.

Gyara lissafi bai dame ta ba, har daɗi ta ji da ya zauna daram. Mahaifinta take ji, mutumin da ko awon shinkafa ba a taɓa kama shi da ƙari ba, ga shi ta sa ya yaɗa abin da babu.

Ta same shi yana shanya shinkafa, ta durƙusa ta faɗa masa duka. Ya ɗago ya dube ta.

"Wa ya kama kuskuren? Malaminku?"

"Ni ce, Baba."

"Da kin yi shiru hwa?"

"Da an daɗe ba a gane ba."

Malami ya karkaɗe hannuwansa, sai ga shi yana dariya, ita ma ajiyar zuciya ta ƙwace mata. Ya jawo takalmansa ya nufi majalisar ƙofar masallaci, ya kai bakin zaure ya dawo.

"Zo nan, ɗiyata. Sake hwaɗa min sannu-sannu, taurari nawa, kwana nawa. Da bakina na ɓata zancen ga, da bakina za ni gyara shi."