Kakan da Na'ura Ta Yi wa Ummukulthum

Babbar rigata ta Sallah na sa ranar nan, na shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaro, ina jiran jikata Ummukulthum. Karatun malanta take yi ta waya, malamanta suna Bodinga, ita tana nan Horo Birni. Da kunnena na ji an ba su aiki: kowa ya rubuto tarihin kakansa.

To, wa ke da tarihi irin nawa? Ni Sodangi ban taɓa zama aji ba, amma shekarar farin da shanu suka ƙare, anza mai ɗaci na jiƙa na ci, na rayu. Amai da gudawa ya share gidanmu, ni ya tsallake ni. Irin albasar da ake taƙama da shi yau a garin nan, cikin hulata na ɗauko shi daga Kajiji, a ƙasa. Abu ɗaya ya rage mini: a rubuta kafin a kai ni makwanci.

Ta fito, waya a hannu.

"Amarya, taho ki ɗauki labarin angonki."

"Haba tsoho, wa ke son ango marar haƙori? Ai na gama tun jiya."

Ta wuce tana dariya. Ko sunan ubana ba ta tambaye ni ba.

*

Bayan an cire albasa, sai ga malaminta, Malam Mansur, a kan babur, da takarda mai tambari. Wai ita ta zo ta ɗaya. Na aika a kira maƙwabcina Ɗanmalam, mai makarantar allo, ya zo ya sha labari.

Malam Mansur ya karanta. Wani tsoho ne mai haƙuri, mai ƙarancin magana, yana tara jikoki yana yi musu tatsuniya. Ba fari, ba anza, ba hula.

"Malam, wanga ba ni ne ba," na ce. "Yaushe na yi ƙarancin magana?"

Ya yi murmushi. "Baba, aikin na'urar cikin waya ne, in ka tambaye ta sai ta rubuta maka. Ni ban ga aibinta ba. Yaran ƙauye ba su da littattafai, ba su da malami kusa. Ita ce ba ta fashi."

"Mu dai gwiwa da gwiwa muka ɗauki karatu," in ji Ɗanmalam a hankali. "Yaro ya ɓata, ka ji a muryarsa. Kai ka karanta kafin ka ba ta maki?"

Malam Mansur ya girgiza kai.

"Ɗaliban sun fi ƙarfina, Allah gafarta Malam. Ni kaɗai ne. Ita ke duba mini."

"Ashe ita ta rubuta, ita ta yaba," in ji Ɗanmalam.

Ummukulthum tana bakin zaure, kanta a ƙasa. Na gyara zama, na ce bari su ji na gaskiya. Ina kai wa mutuwar shanu, wayar Malam Mansur ta yi ƙara: lokacin darasi. Ya nemi gafara ya ta da babur, Ummukulthum ma ta shige ciki neman caji. Ɗanmalam kuwa ya riga ya haddace labarin.

*

Takardar tana liƙe a zaurena yanzu. Baƙo ya tambaya, sai in ce, "Tarihina ne, na ɗaya ya zo a Bodinga kaf."

Kusa da ita, a kan ƙusa, tsohuwar hular tana rataye. Har yau ba wanda ya tambayi ko ta mece ce.