Ranar da Malama Ta Zama Ɗaliba a Ajinta

Kun gan ta, kada ma ku fara cewa ba ku gan ta ba. Ranar da kuka kama aiki, kuna ta zare ido cikin sabon takalmi mai matse ƙafa, ita ce ta tsaya gaban allo ta nuna muku inda ake sa hannu a jikin inji da inda in an sa sai a rasa yatsa. Kuka karɓi takardar shaida, kuka haye sama. Da kuka sake ganinta a bakin get tana jiran motar ma'aikata, sai kuka duƙar da kai kan waya kamar an aiko muku da saƙon gaggawa.

A kamfanin sabulun nan Malama ake ce mata, ita ce jami'ar horar da ma'aikata. Ɗakin bitarta yana tsakanin sito da ɗakin janareto, shi ya sa ta saba magana da ƙarfi, har a gida yaranta kan ce, "Mama, ai muna kusa." Fanka ɗaya ce a ɗakin, tana juyi tana kuka. Duk wanda ke taɓa inji a kamfanin, daga mai haɗa sinadari har mai naɗe kwali, ta hannunta ya bi.

Dokar kamfani a fili take: wanda ya yi kwas ɗin sanin makamar aiki ya ci, a ɗaga shi zuwa mataki na gaba. Matakin nan ba ƙarin albashi kaɗai ba ne, da shi ake ba da katin asibitin kamfani na iyali. Malama kuwa tana da 'ya mai ciwon asma, wadda in numfashinta ya sarƙe sai a yi ta gudu daga layin asibiti zuwa kantin magani. Katin nan take so. Ita ta rubuta kwas ɗin, ita ke koyar da shi, ita ke sa hannu a takardun. Shekaru sun tura, tana nan a matakin da aka ɗauke ta.

Wata safiya ta hau bene wajen shugaban sashen ma'aikata, wanda kowa ke kira Sai-Mun-Duba a bayan idonsa.

"Malamarmu! Uwar kamfani!" Ya miƙe rabi ya koma ya zauna. "Ni kaina ɗalibinki ne, ko'ina ina faɗa."

"Ranka ya daɗe, maganar matakina ce dai."

Ya jawo fayil ya lashi yatsa. "Ai abin ƙarami ne. Ba ki da takardar kwas."

"Wane kwas?"

"Na sanin makamar aiki mana."

"Ni nake koyar da shi fa."

"Sosai, kuma babu kamarki. Amma doka ɗalibi ta sani, ba ta san malami ba."

"To bari in sauka in rubuta wa kaina."

"Kai, kai, kai! Ki ba kanki takarda? Masu bincike sai su cinye mu ɗanye." Ya tallafe haɓa kamar mai jimamin rasuwa, can sai fuskarsa ta washe. "Na samo! Wani wanda ya fi ki mataki, mai takarda a hannu, ya koyar da ke. Shi ke nan, kin ga mun duba."

Aka bi manyan ma'aikata, kowa ya noƙe, kowa na jin nauyi. Ƙarshe abin ya faɗa kan mai kula da sashen naɗe kaya, wato Auta, ƙanin Malama ciki ɗaya. Ita ta goya shi, ita ta kawo takardunsa kamfanin, ita ta horar da shi. Yanzu ya wuce ta, har in ya ga dama yakan rage mata hanya a motarsa.

A motar ya fara kame-kame. "Yaya, wallahi ba ni na nema ba."

"Na ce ka nema?"

"Kuma wai har da alawus ɗin koyarwa za a ba ni."

Ta juyo gaba ɗaya. "Alawus ɗin me?"

"Na koyarwa. Sun ce ni ba aikina ba ne, taimako zan yi. Ke kuwa aikinki ne, shi ya sa ba a taɓa..." Ya haɗiye sauran ya kama gyaran madubi.

"Ƙarasa mana, Malam. Ɗalibarka na saurare."

"Haba Yaya."

"Kalli gabanka kada ka zuba mu a kwata, ɗan ƙwal uba. Jiya-jiya nake share maka majina."

Ranar kwas, Malama ta tura ƙofar ɗakinta ta tsaya turus. An cire fanka mai kuka, an kafa na'urar sanyaya ɗaki, domin babban ma'aikaci ba ya koyarwa cikin zafi. An kawo sabon allo fari tas. A kusurwa ga shayi da biskit, abin da ta sha rubutawa tana roƙo ana ce mata babu kasafi. Ta nemi kujera cikin sababbin ɗauka ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

Wata budurwa da ke gefenta ta matso ta rage murya. "Anti, yau kika fara ke ma? Kada ki damu. In ba ki gane ba zan nuna miki a waya, na ji an ce jarrabawar da wuya. Wai wata muguwar mata ce ta haɗa ta."

"Haka nake ji," in ji Malama.

Auta ya shigo da kwat, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin. Ya kunna majigi, ga hotunan da Malama ta ɗauka da wayarta, ga zanen da ta yi a teburin cin abinci yara na mata hayaniya. Ya karanta su tiryan-tiryan, har da barkwancinta na mutumin da ya shiga ɗakin sinadari da silifa. Aji ya kwashe da dariya. Budurwar ta ce, "Kai, mutumin nan ya iya koyarwa." Duk lokacin da ido ya haɗu, sai Auta ya ce, "Ko akwai tambaya, Ya... ɗaliba?" Malama ta girgiza kai. Abin da ya fi ci mata rai shi ne sanyin ya yi mata daɗi.

Aka yi jarrabawa. Auta na cikin dubawa sai ga Sai-Mun-Duba ya leƙo. "Kada ka ba ta duka makin, a ce ka yi son kai don yayarka ce. Ka ɗan rage." Auta ya rage. Malama ta zo ta uku a tambayoyin da ta ƙirƙira, budurwar nan ta zo ta ɗaya.

Duk da haka ta ci. Ta riƙe takardar, ga sa hannun Auta a inda nata ya saba zama. A gida 'yarta ta karɓa ta juya ta. "Mama, yanzu za a ba mu katin?"

"Saura kwamiti ya zauna."

Kwamiti ya zauna, ya sha lemo, ya tashi. Aka kira Malama bene.

"Barka, barka!" in ji Sai-Mun-Duba. "Kin cika sharaɗi, kin cancanci mataki na gaba. Sai dai da muka duba..."

"Kuka duba."

"Kujerar mai horarwa mataki ɗaya gare ta. Daga shi babu wani. A tsarinmu tana rukunin hidima, tare da shayin baƙi da gyaran famfo. Kin san horarwa ba ta kawo kuɗi, Malama, ci take yi."

"Waɗanda ke kawo kuɗin wa ya koya musu?"

"Ke mana! Shi ya sa muke alfahari da ke." Ya gyara zama. "Amma akwai gurbi a sito. Mai kula da kaya, yana mataki na gaba, da kati da komai. In kina so yau ma."

Malama ta dubi takardar da ya turo mata. Ta tuna yadda fuskar sabon ɗauka ke sakewa ranar da ya fara tsayar da inji da kansa. Ba ta san wani aiki da take so kamar wannan ba. Sai kuma ta tuna 'yarta a kan bencin asibiti, kafaɗu na ɗagawa, ƙirji na fito kamar usur. Ta miƙa hannu.

"Ba ni biro, ranka ya daɗe."

Aka yi mata ɗan taro a ɗakin cin abincin ma'aikata, aka ba ta allon yabo mai ruwan zinare, an rubuta cewa horarwa ita ce ƙashin bayan kamfani. Auta ya tafa a hankali, bai yarda sun haɗa ido ba. Katin ya fito, launin shuɗi, da hoton yarinyar tana murmushi.

Yanzu Malama na sito tsakanin kwalayen sabulu. Ba a ɗauki wani a gurbinta ba, an ce a yi tsimi. An kwashe na'urar sanyaya ɗakin an mayar bene, an kafa talabijin a gaban allo. Ta bango takan ji muryar wani baƙo cikin bidiyo yana bayanin injin da ba irin nasu ba, sababbin ɗauka na gyangyaɗi.

Rannan wani magidanci cikin sababbin ya leƙo sito, hular kwano a hannu. "Hajiya, don Allah, in injin yankan nan ya kama rigar mutum, ina ake dannawa?"

Ta ajiye abin da ke hannunta ta miƙe, har ta ɗaga murya irin ta da. Sai ga Sai-Mun-Duba yana wucewa da baƙi.

"A'a, Malama! Ki huta mana, ai kin wuce wannan matakin."

Ta bi mutumin duk da haka, ta nuna masa jan maɓallin, kyauta, ta dawo kan kwalayenta.

Ku da kuke riƙe da takarda mai sa hannun irin su Malama, kunyar bakin get ta isa haka. Gobe kafin ku zauna a kujerarku, ku hau bene. Ku tambayi matakin wanda ya horar da ku, ku ce a nuna muku mataki na gaba da kujerarsa ke da shi. In babu, ku tara abokan aikinku ku sa a yi shi, da albashi da kati. Kuma in an ce muku sai mun duba, ku jawo kujera ku zauna, a duba a gabanku.