Hular Tavon

Tun ranar Laraba Odell Pettway bai ci abincin kirki ba, matarsa Lorene kuwa ta gaji da mayar da kwano cikin firji.

Dukan garin ya taru a zauren wasanni na sakandare don a ga Tavon, ɗan ƙwallon da ya fi kowa gudu a gabashin Texas, ya sa hannu a takardar jami'ar da zai yi wa wasa. Shekara guda ke nan da ya ba Jami'ar Harlow, masu kore, kalmarsa. Aka jera hulunan jami'o'i a tebur kamar yadda aka saba, don ya sa ta wadda ya zaɓa. Yaron ya ɗauki koriyar, ya sa, aka yi tafi. Sai ya cire ta, ya zaro rawayar Jami'ar Caney daga ƙarƙashin tebur.

Odell, wanda ba shi da ƙungiya sai Harlow, ya fita bai ko ɗauki rigar sanyinsa ba.

Lorene ba ruwanta da kore ko rawaya. Damuwarta walimar ban kwana da coci ta shirya wa Tavon ranar Asabar. Uwar yaron, Vernice, ƙawarta ce tun suna 'yan mata a ƙungiyar mawaƙa, kuma Lorene ta ce mata nama na wuyan Odell. Duk cocin ba mai gasa ƙirjin saniya kamarsa. In ba nama, ba ta san da wane ido za ta dubi Vernice ba.

Da yammar Juma'a ta same shi a bayan gida, zaune kusa da murhun gashi mai sanyi.

"Ba za ka hura wutar ba?"

"Ba na gasa wa maci amana."

"Shekarunsa goma sha takwas, Odell. Kocin Harlow ɗin da ya yi masa alkawari ya kwashe kayansa ya koma wata jami'a, ban ji ka zage shi ba."

"Wannan aiki ne. Daban."

"Kai da Harlow ɗin nan, ban da filin wasa da ban ɗaki, ina ka taɓa shiga a cikinta?"

"Mutum ya ba da kalma, ya tsaya a kanta. Haka aka tarbiyyantar da ni."

"Madalla. A gaban fasto ka ce za ka gasa. In kawo maka wata hular ka sauya?"

Ya harare ta. Sannan ya tashi ya nufi inda itace yake, yana gunaguni.

Ranar Asabar ya zo coci sanye da kore tun daga hula har safa, ya tsaya bayan tebur da wuƙa. Da layi ya kawo kan Tavon, yaron ya miƙa farantinsa.

"Barka da rana, Mista Odell."

Odell ya yanka masa, ya ɗora a faranti.

"Allah ya tsare maka gwiwoyi, yaro. Ranar da za ku kara da mu kuwa, Allah ya sa ƙwallo ta riƙa zame maka."

Lorene ta runtse ido. Vernice na tsaye bayan ɗanta, ta ji komai. Ta karɓi nata naman, ta ratsa tebura, ta ja kujera kusa da Lorene.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa," in ji Lorene. "Na rasa yadda zan yi da shi."

"Naki ai ya yi magana. Uban yaron tun Laraba bai ce masa uffan ba, yana can cikin mota, ya ce in kai masa nasa."