Daron Laka a Ranar Godiya

Shekarar da kogin Isa ya haye gaɓa ya shiga unguwar Gamkalle ta Yamai kamar gidan ubansa, garkar Rifkatu na cikin waɗanda ya fara lashewa. Salati, shu wato kabeji, karoti, har zogalen da marigayi mijinta ya dasa, babu abin da ya tsira. Ta yi kuka ranar, kuka na gaske, amma daga nan ba wanda ya sake ganin hawayenta.

Rifkatu 'yar Dogon Dutsi ce, Kirista, kuma a majami'arsu ta Yamai an san ta da ranar godiyar kaka. A wannan Lahadin kowa kan ɗauko abin da hannunsa ya samar, manomi hatsinsa, tela ɗinkinsa, a shiga layi ana rawa ana waƙa har gaban teburi a ajiye wa Ubangiji. In an tashi sujada sai a raba wa mabukata. Tun zuwanta garin, daron Rifkatu ne ke buɗe layi, salati ya yi tsiri har yana rufe mata goshi.

Ana gab da ranar sai ga Madam Tabita, uwar zumuntar mata, ta kawo mata ziyara. Tabita ba muguwa ba ce. Irin mutanen nan ne masu tausayi mai nauyi, in sun ɗora maka sai wuyanka ya sage. Ta ce dattawa sun yanke shawara bana waɗanda ambaliya ta shafa ba za su shiga layi ba. An ware musu benci a gaba, su zauna a yi musu addu'a, a ba su kaso mai tsoka. In kuwa Mama ta nace sai ta yi rawa, to ita za ta sayo mata kwandon tumati a kasuwar Katako, ba wanda zai sani.

Rifkatu ta dube ta sama da ƙasa.

"Uwar zumunta, wanda zan kai wa tumatin, shi ma ba zai sani ba?"

Tabita ta yi sallama ta tafi.

Abin ya ci wa Rifkatu rai fiye da ambaliyar. Ruwa kayan miya ya kwashe mata, amma mutane na so su cire ta daga cikin masu godiya, su dasa ta a benci ana kallonta ana girgiza kai. Washegari ta nufi garka tana faɗa da Allah a hanya, yadda ta saba yi da mijinta, ba ɓoye-ɓoye. Ta ce masa ya cinye mata wahalar shekara guda ba ta ce uffan ba, amma wannan kam ba za ta yarda ba, sai ya san abin da zai ba ta ta ɗauka.

Ruwa ya janye, ya bar baƙar laka har idon sawu, ga ƙarnin kifi. Maƙwabcin garkarta Harouna, Bazabarme Musulmi, yana can yana kankare injin ban ruwansa. Ya yi mata fofo, gaisuwar Zabarmawa, sannan ya nuna mata bayan rumfarta da ta rushe. Wasu 'yan tsirai ne kore shar suka leƙo, dashen tumati, a wurin da ita ba ta taɓa shuka tumati ba. Harouna ya ce ruwa ne ya kwaso irin daga garkar wani bawan Allah can sama, shi ma ya samu nasa.

Rifkatu ta durƙusa ta cusa hannu cikin lakar. Laushi kamar ƙullu. Shekara da shekaru tana ɗura wa gajiyayyar ƙasar nan taki, yau ga sabuwa an shimfiɗa mata ba ta roƙa ba. Haushinta bai tafi ba, amma godiya ta zo ta zauna kusa da shi, ta kuma bar su tare.

Ran Lahadi ta ɗaura zanen zumunta, ta aza daro cike da laka, tsiran tumatin a tsakiya, baƙin ruwa na gangaro mata a wuya. Tabita ta tare ta a ƙofa tana raɗa.

"Mama, ki rufa mana asiri. Farin ƙyalle muka shimfiɗa a teburin."

"Ba ni na zaɓi launinta ba, 'yata. Matsa mini."

Ta wuce gaban layi ta kama rawa. Wasu suka yi dariya, wasu suka toshe hanci, ita ko a jikinta. Mutanen benci, da suka sunkuyar da kai tun fara waƙa, suka ɗago suna kallo. Ta sauke daron tsakanin buhun shinkafa da wata rigar shadda, laka ta fantsama a kan ƙyallen.

Pasto ya ɗaga wa makaɗa hannu suka yi shiru. Cikin ladabi ya tambayi Mama me ta kawo wa Ubangiji.

"Abin da ya ba ni bana, Pasto. Ya ɗauke salatina, ban ji daɗi ba, na kuma faɗa masa. Amma bai tafi ya bar ni hannu wofi ba. Wannan ya ajiye mini, na gani, na gode. Duk wanda ya ce ba ni da abin godiya, ya je ya tambaye shi."

Pasto ya daɗe yana kallon tsiran. Sannan ya ce amin, ya juya wajen bencin ya ce duk mai son tashi ya tashi. Suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, ba komai a hannunsu, suka shiga layi, makaɗa suka ci gaba.

Da aka zo rabo bayan sujada, Tabita ta tsaya nesa da ƙullin shinkafa a hannu, tana tsoron matsowa kada a wanke ta a gaban jama'a. Rifkatu ta yafuto ta. Gidanta babu ko ƙwayar hatsi, ita ma ta sani, Tabita ma ta sani.

"Kawo nan," in ji ta, ta miƙa hannuwa biyu, lakar ba ta ma bushe ba. "Na riga na bayar. Yanzu zan iya karɓa."